Yadda Na Gano Dattawan Garinmu Ba Sa Ganin Hagu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai malamata ta jami'a har garinmu Sara ba, wai don ta ga ciwon da na gano a jikin dangina. (Ko na so in manta ma, Kawu Sale ba zai bari ba.)

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Birnin Kudu, ina kuma haɗa digiri na biyu a fannin halayyar ɗan'adam. Binciken kammalawa kaɗai ya rage min. In ya samu karɓuwa na gama, in bai samu ba shekara guda ta tafi a banza.

Aikin ba wuya. Mutum zai zauna gaban kwamfuta ya kafa ido a tsakiyarta. Kibiya za ta nuna dama ko hagu, sai wani ɗigo ya ɓullo. In ya fito a dama a danna maɓallin dama, in a hagu ne a danna na hagu, kwamfuta kuma tana auna saurin mutum. Abin da aka sani shi ne, in ɗigon ya fito inda kibiya ta ja hankalinka za ka yi saurin dannawa. In kuwa ta yaudare ka ya fito ɗaya gefen, sai ka ɗan makara, don sai hankali ya juyo tukuna.

Abokan karatuna duk ɗalibai suka gwada. Ni kuwa, sarkin iyayi, na ce manoma zan gwada. Bayan girbi na saɓi kwamfuta sai gida. Kawu Sale, yayan mahaifiyata, ya tara min dattawan majalisarsa a gindin darbejiya. Na ɗora kwamfutar a kan benci, na yi musu bayani rabi Hausa rabi Turanci, sannan na zagaya bayanta na zauna, tunda littafi ya ce kada mai bincike ya ɗauke wa mutum hankali. (Gaskiyar magana dai, waya nake dannawa.)

Da na koma Birnin Kudu na duba sakamako, wallahi har tsalle na yi. Duk dattawan nan, ba a cire ko ɗaya ba, sai sun yi jinkiri sosai in ɗigo ya fito a hagu, ko kibiya ta nuna can ko ba ta nuna ba. Nan take na zuba babi guda cur, cewa manoman ƙasarmu ta Gwaram hankalinsu a dama yake zaune. Har dalili na ƙirƙiro musu, wai riƙon fartanya ne. A ɗakin malamai kuwa takuna ma ya canza, ina kallon malamin lissafi kamar ɗan aji ɗaya.

Malamata, wadda muke kira Dakta, ta karanta babin har sau biyu ta ce, "In wannan gaskiya ne, ba ƙaramin abu ba ne. Zan je in gani da idona."

Ni sakarai na ɗauka yabo ne.

Ranar wata Asabar da hantsi muka isa Sara. Kawu ya shimfiɗa sababbin tabarmi, an dama fura, rabin unguwa ta fito ganin baƙuwa. Ba wanda ya ce in yi jawabi, amma na miƙe na gyara murya. "Iyayena, ilimi ya nuna kuna da rauni wajen lura da gefen hagu. Amma kada ku damu, ba laifinku ba ne."

Kawu ya ce, "To, madalla."

Dakta ta ce, "Baba, bismillah, a sake yi mu gani." Ta tsaya a gefensa, ta yafito ni. "Malam, zo nan ka tsaya kusa da ni."

Kawu ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya mayar da hannunsa na hagu baya ya ɓoye, ya ɗora ɗan yatsan dama a kan maɓallin dama. Ɗigo ya fito a dama, ƙwas! Ɗigo ya fito a hagu, sai ga hannun daman nan ya tashi, ya tsallake kwamfutar kaf, ya ɗan lalubi maɓallin, sannan ya danna.

"Baba, hannun hagun fa?" in ji Dakta.

"Haba Hajiya! Kayan karatu ne fa, kuma na ɗanmu. In sa masa hagu? Ni da ko goro ba na karɓa da shi."

Sai Malam Idi, wani dattijo bahago, ya ɗaga murya daga kan tabarma. "Ai ni na fi kowa shan wuya, Hajiya. Mun zaci tarbiyyarmu yake gwadawa, shi ne muka gargaɗi juna kada wani ya kunyata gari."

Dakta ta juyo kaina. "Kai ba ka ga hannuwansu ba?"

"Ina daga baya ne, Dakta."

"Kana kallon me?"

Kafin in buɗe baki, Kawu, Allah Ya saka masa, ya zo cetona. "Waya, Hajiya. Ko ɗagowa ba ya yi, bawan Allah. Mun ce duk cikin aikin ne."

Dariyar da aka yi har matan da ke leƙe ta katanga sai da suka taya. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Dakta ba ta yi dariya ba, kuma hakan ya fi min ciwo. A mota ta ce in yar da komai in sake daga farko, shekarar nan kuma ta tafi ke nan.

Da kaka ta zagayo na dawo, sai da na roƙi liman ya tabbatar musu danna maɓalli da hagu ba rashin ladabi ba ne. Wannan karon a gefensu na tsaya ƙyam, waya a aljihu, don na koyi cewa kafin ka ce mutane ba sa gani, gara ka taso ka duba abin da suke yi. Sakamako ya fito, dama da hagu duk ɗaya, kamar na kowa.

Kawu ya ce, "To ɗana, mun warke?"

"Kun warke, Kawu."

"Alhamdulillahi. Saura kai."