Yadda Na Zama Gwauro a Littafin Hukuma

Da afandin hukuma, ma'aikacin ƙidaya, ya zo ƙauyenmu daga garin Managil, littafi a hammata, ni na fara gano shi. Na ce wa maƙwabta, "Hukuma ba ta ƙirga mutane don Allah. Haraji za a ƙara."

Ya iso ƙofata, ya ce, "Ku nawa ne a gidan?"

Na ce, "Ni kaɗai, gwauro ne."

Alhali matata Hajara na daka a ciki, yara shida na kokawa. Ya saurari tabarya, ya dube ni, ya rubuta.

Ashe rabon sukari za a yi. Aka ba ni na mutum ɗaya.

Shekara guda Hajara na miƙo mini shayi lami tana cewa, "Sha, Malam, haka gwauraye ke shan sa."

Har yau, da furfurata da jikokina, ana tambayata yaushe zan yi aure.