Haƙarƙarin 'Yar Kunkuru

A Dajin Marke, Zaki ke sarauta, Waziri Dila ke magana da yawunsa, sauran dabbobi kuma aikinsu su ce haka ne. Da fari ya tsananta, fada ta ɗora tukunyar fate a makarantar gindin kuka domin 'ya'yan talakawa. To, wane ne talaka? Dila ya yanke: ɗan da haƙarƙarinsa ya fito aka gani, shi zai sha. Aka naɗa Kura mai dubawa. 'Ya'yanta ne kullum a gaban layi, wai haka aka auna.

Tabawa kunkuru ce, mijinta ya mutu a gobarar daji ya bar ta da 'ya ɗaya, Lantana. Kullum yarinyar ta zo layi, Kura ta ƙwanƙwasa ƙoƙon bayanta ta ce, "Wannan da gidanta ma take yawo. Wuce." Har ta kai Lantana ba ta iya ɗaga wuya.

Ranar taron fada Dila ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, talauci ya ja da baya. A zuriyar kunkuru da bushiya da beguwa, ba a sami mai shan fate ko ɗaya ba. Masu hali ne ke nan. Daga yau su za su riƙa kawo tsakin da ake dafawa."

Aka ce haka ne. Tabawa ta ja jiki zuwa tsakiyar fili. Ta daɗe kafin ta isa, dole kowa ya jira.

"Waziri, kun hana 'yata sha, sannan kun ce mai hali ce don ba ta sha ba. Wannan wane irin lissafi ne?"

"Goggo, ba ni na faɗa ba, ma'auni ne. Kawo haƙarƙari mu gani."

"Yana cikin ƙoƙo."

Kura ta lashi baki. "Sai a fasa."

Fadawa suka yi dariya. Tabawa ba ta yi ba.

"Fasa nawa, uwar dubawa. Abin da nake ci shi take ci, wato babu."

Ta shige ƙoƙonta. Kura ta dubi Sarki, Sarki yana korar ƙuda. Ta kai cizo da ƙarfinta duka, sai aka ji ƙas, haƙori ya faɗo ƙasa.

Bushiya ta gangaro ta dunƙule kusa da Tabawa ta ce, "Ni ma a duba ni." Beguwa ta juya wa fada baya, ta miƙar da ƙayoyinta, ta ce:

"Waziri, zo da kanka ka laluba, kada a ce mun ɓoye."

Dila ya ce ba huruminsa ba ne.

Tabawa ta fito da kai. "Tsaki dai ba mu kawowa. Gobe 'yata za ta sha fate, kuma ni zan riƙe ludayin. Wanda bai yarda ba ya same mu a can."

Washegari Beguwa ta tsaya a bakin tukunya, bayanta na fuskantar Kura. Tabawa ta zuba wa duk ɗan da ya ce yana jin yunwa, ba ta taɓa cikin kowa ba. Lantana ta shanye, ta lashe ƙwarya, ta ɗaga wuya ta nemi ƙari.

Da yamma Dila ya sanar da cewa wasu 'yan tsagera sun ninka talaucin daji a wuni ɗaya, kuma za a yi bincike.