Ranar da Na Yi wa Takardar Jirgi Laminetin

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da daminar da Alhaji Sani, mijin yayata, ya bar min amana ba. Shekaru ina shagon yadinsa, aikina ɗauko, miƙo, share. Da zai tafi Umara ya ce, "Ɗanladi, takardar kwantenata za ta iso daga Caina. Ka adana min, in ta lalace kayana sun tafi." Na ce a raina yau an san da ni.

Ita ce 'yan kasuwa ke ce wa bil-of-ledin, shaidar cewa kayan da ke cikin jirgin ruwa naka ne. Ni kuwa ɗakina a Shahuci yoyo yake kamar rariya. To mu nan me muke yi wa takarda mai daraja? Da ta iso sai na nufi Ƙofar Nassarawa aka buga mata laminetin (har cewa na yi a sa leda mai kauri, ni mai hankali).

Ran da Alhaji ya dawo, zaurensa na Madabo cike da 'yan sannu da zuwa, ana rabon dabino da zamzam. Malam Bashir, ejen ɗin da zai fito da kayan a Legas, ya ce a kawo takarda. Na miƙa da hannu biyu ina jiran yabo.

Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce. "Alhaji, wannan faranti ne?"

Na ce, "Adana ta na yi."

"Ai ka adana ta har abada. A bayanta Alhaji zai sa hannu ya buga hatimi. A kan leda zai buga? Kamfanin jirgi ko kallonta ba zai yi ba."

Na ce a ɓare mana. Muka ɓare gefe, rubutun ya biyo ledar.

Sai wani tsoho ya ce, "Amma fa ta yi kyau." Nan dariya ta ɓarke. Alhaji bai yi ba. Ya ce, "Ɗanladi, ba don yayarka ba..."

Kwantena ta yi ta kwana a tashar jirgin ruwa kafin a samo wata takardar. Ba a kore ni ba, an dai mayar da ni sito, inda ba takarda sai ɓeraye. Masu dariyar nan kuwa, na rantse, da su ne ma haka za su yi. Ni dai yanzu in aka ce in ajiye abu, ajiyewa nake. Malalata duk suna nan lafiya, ni ƙwazo ne ya kashe ni.