Silimar da Malam Ya Kawo Gida a Baki

"Lahiya lau, sai yunwa, tunda mijin da Allah ya haɗa ni da shi ya yi wata biyu bai leƙo ba," in ji Hajiya Uwa, ba ta ko ɗago kai daga gyaɗar da take ɓarewa ba. "Mi kaɗ ɗauro bisa babur haka, awa mai ƙaura?"

"Takardar sakinki ta," Lawali ya ce yana kwance igiya. "Laihinki ya yi yawa, sai da anka cika kwali."

"Sakan ni mana. Wa za ya kwashi mutum mai ƙahwahu awa na zalɓe in ba ni ba?"

Lawali jikanta ne, ɗan babban ɗanta, yana da shagon hayar kaset a Gusau. Abin da ya ɗauro zuwa Bungudu ranar nan bayan azahar na'urar bidiyo ce da kaset guda ɗaya, wanda ya yi wata uku yana aike Kano kafin a samo masa. Ya kuma zo da mugun nufi, ba sai an ɓoye ba.

Duk unguwar babu wanda ya kai tsohuwar nan sanin fim ɗin Indiya na da, alhali ƙafarta ba ta taɓa taka silima ba. A zamaninta matar aure ba ta zuwa wurin. Marigayi mijinta, Malam Ɗahiru tela, shi ne in ya je Gusau sayen yadi sai ya kwana ya yi kallo, washegari ya dawo ya zauna a ɗaki ya kwashe mata labarin tun daga farko, har da waƙoƙin, da wani Indiyanci nasa na ƙarya. Ita kuma ta riƙa ba matan unguwa. A cikinsu duka akwai wanda ta sa wa suna Mai Tulun Tagulla, da shi take auna kowane fim a duniya. Kaset ɗinsa ne Lawali ya samo. Ya kalle shi sau biyu a shago, ya ga ƙarshensa ko kusa ba yadda take faɗa yake ba, tun ranar yake ɗokin ya ga idon tsohuwa.

"Na ji an ce jiya kin sake zagin kayan shagona gaban mata," ya ce, yana jawo talabijin ɗin gidan zuwa bakin rumfa.

"Ban zage su ba, hwaɗin gaskiya niy yi. Waɗanga na Kano da kaka kawowa, mi a cikinsu? Yaro ya bi yarinya bayan icce, yarinya ta bi yaro bayan icce, muryarta awa sauro ya shiga kunne. Kahin ka gama tauna goro an yi aure an gama."

"Aƙalla da Hausa suka yin shi, kina jin abin da aka cewa."

"Shi a matsalar. Da ban ji ba da na ɗauka magana ta ƙwarai suka yi."

"To na 'yan Cana hwa?"

"Mutum guda ya bugi arba'in, hularshi ba ta hwaɗi ba. Ko barkono nika daka ɗankwalina sai ya zame."

"Na Turawa?"

"Bindiga da tsiraici. Ba uwa, ba uba, ba wanda ka gaida wani. Kai dai kana ganin hoto na motsi sai ka buɗe baki. Fim na da, in anka ba ka labarinshi, sai ka kwana uku tuwo bai yi maka daɗi ba."

"An ba ki labari dai. Tsohuwa, ke ko allon silima kin san kalarshi? Wanda bai taɓa cin nama ba shi ka koya ma mahauta yanka."

"Na gani da idon Malam, ya kuwa hi naka nesa ba kusa ba. Kai da an haihe ka sai da munka yi kwana bakwai muna biɗar inda idanun suke."

Lawali ya yi dariya, ya jona wayoyi. Allah ya taimake shi akwai wuta. Ya zaro kaset ɗin daga aljihu, ya ɗaga shi a gabanta kamar wanda ya kamo ɓarawo.

"Kin san mi na wanga?"

"Sadakin da ka hana ni?"

"Mai Tulun Tagulla. Shi da kanshi."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan gyaɗar. Lawali ya gani, ya ji daɗi har cikin ransa, don tun yana yaro bai taɓa samun sa'arta ba. Sai ta ci gaba da ɓara kamar ba a yi komai ba.

"Ƙarya kaka yi. Wanga fim ya girmi ubanka da wayo."

"Kahin in sa, maimaita mani ƙarshen. Kada an jima ki ce ba haka kic ce ba."

"Sau nawa za ni hwaɗa maka? Kanka awa rariya. Mijin mai tulun, direban jirgin ƙasa na. Ruwa ya ci ɗansu ga rahi, dangi sunka ce ita tas sake hannun yaron, sunka ce ta tahi. Ta ɗauki tulunta tana tahiya bakin gada, shi kuwa ya taho da jirgi cike da mutane. Da yah hange ta sai ya tsaida jirgi tsakiyar gada. Ya sauko, ya amshi tulun ya aza bisa kainai, namiji da gemunshi, ya kama hannunta gaban kowa ya maida ta gida. Ɗiya bakwai sunka haihwa bayan nan."

"Bakwai?"

"Bakwai, huɗu maza."

"Har sunayensu Malam ya hwaɗa maki, ko?"

"Kai dai sa, in da gaske kake."

Ya tura kaset. Hoton baƙi da fari ne, yana rawa, da layi-layi a ƙasansa. Aka nuna rafi, ga wata mace siririya da tulu a kai tana saukowa. Hajiya Uwa ta ture faifai, ta matso da tabarma har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Shekara talatin da biyar tana ba da labarin matar nan, sai yau ta ga fuskarta.

"Ashe siririya ta," ta ce a hankali. "Malam yac ce kama muke."

"Malam da ma ko zare ba ya iya sa ma allura sai an taya shi."

"Rufe mani baki. Dibi tahiyarta. Waɗanga naka na yanzu wa ta iya ɗaukar tulu ba gammo? Dibi ido, ba ta ce komi ba amma ka san da magana. Wanga shi a fim, ba rawar bayan icce ba."

"Awa uku na, ba ni da lokacin zama. Bari in tura shi gaba mu ga gadar taki." Ya danna, hoto ya riƙa gudu, mutane suna tsalle-tsalle kamar kaji. "Amma in hwaɗa maki tun yanzu don kada ki suma a ce ni na kashe ki. Jirgi bai tsaya ba. Mijin da kanshi ya kore ta. Ta mutu bisa hanya, sai gawa ya iske. Ba bakwai, ba ko rabin ɗa. Mijinki ya shirga maki, ke kuma kin shirga ma Bungudu kaf."

Ya jira ta daburce, ko ta hau rantsuwa. Maimakon haka sai ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wanga shi a abin da kaɗ ɗauko tun daga Gusau? Ka ƙona mai a banza. Hanatu ta riga ka."

"Wace Hanatu?"

"Maƙwabciyarmu ta da, matar Dogo mai gyaran keke. Dogo da Malam tare sunka shiga silimar, shi yab ba ta labari. Kwana biyu tsakani taz zaka tana share hawaye, wai matar ta mutu. Nic ce mata mijinta kwana yay yi cikin silima, mahwalki ya ba ta. Wata guda ba mu gaisa ba."

Lawali ya ɗage yatsa daga na'urar. Hoton ya tsaya daidai inda matar take ɗaure kayanta, wata tsohuwa tana nuna mata ƙofa.

"Kenan kin sani?"

"Na san abin da Malam yac ce."

"Tsohuwa, ƙarya hwa ya yi maki."

"Kai yaro na. Ka san wace shekara anka nuna fim ɗin ga? Shekarar da ƙyanda taɗ ɗauke Halliru, ƙanen ubanka. Ba ka san shi ba, shekararshi uku. Na tahi da shi bikin suna garinmu, Kekun Waje, uwar Malam ta ce kada in tahi, ni kuwa na tahi. Can yaɗ ɗauko. Da munka rufe shi, gidan ga ba mai yi mani magana. In na aje tuwo sai a ture. Har kayana na ɗaure, suna ƙarƙashin gado, jira nike a ce in hita."

Ta ɗauki gyaɗa guda, ta juya ta a hannu, ba ta ɓare ba.

"Malam ba mai magana ba na, kai ma ka iske shi. Gaban uwatai ko tari ba ya yi. Ya tahi Gusau, ya komo da hantsi, ya zauna nan inda kake. Kullum cikin ɗaki yaka ba ni labari, ran nan sai ya ce a tsakar gida za ya yi. Ya ɗaga murya, uwatai na bakin ƙohwa tana kaɗi. Da yak kai wurin gada ya miƙe tsaye, ya ɗauki tulun gidan ga da ruwanshi ya aza ga kai, ruwa na zubo mashi ga riga. Yac ce, jirgi ya tsaya, kowa na kallo, wanda za ya yi magana ya yi. Ba wanda yac ce uffan. Da marece uwatai ta aiko a zuba mata miya."

Lawali ya rasa inda zai sa idonsa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Wata uku ya yi yana neman abin da zai ci tsohuwa da shi, ashe abin da ya tsayar da ita a gidan nan ya zo rushewa. Da Malam ya faɗi fim ɗin yadda yake, da wataƙila uban Lawali a hannun wata ya tashi.

"Mi kaka jira?" in ji ta, muryarta ta dawo da kaifinta. "Danna mana. Ka ɗauka tsoron akwati nike? Na binne miji, na binne ɗiya biyu, Ba'indiya ta za ta ba ni tsoro? Sa mu gani, in ta mutu in yi mata addu'a."

Ta tsare gilashin da ido, ta daki ƙirji, amma ɗayan hannun yana damƙe da gefen tabarma. Lawali ya kai yatsa, ya danna wani wurin dabam. Na'urar ta yi ƙara, ta tofo kaset ɗin waje.

"Ya tauna zaren," ya ce.

"Maƙaryaci. Ko ƙarya ba ka gado da kyau ba."

"To ba taunawa yay yi ba. Na duba na gani, kaset ɗin ga na jabu na. Indiyawan nan ba su iya ba, sun ɓata ma Malam fim. Mutum ya ga matarshi bisa gada ya wuce da jirgi? Ko na Kano ba su wanga shirme."

Hajiya Uwa ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta goge ido da bakin zane.

"Ka yarda na da sun hi?"

"Na yarda na Malam ya hi. Sauran muna nan da ke."

"An kada ka dai, ragon miji. Gobe in ji ka ce ban san fim ba." Ta tura masa faifan gyaɗar gaba ɗaya. "Ungo, kai ma waccan da kaka zuwa zance wurinta a Tsafe, ka ce uwargida ta aiko. Kuma ka gaya mata in ta shigo, ni ka ba da labari gidan ga."

"Na amsa. Amma saki na nan, sai kin ba ni fim ɗin tun daga farko. Ban taɓa tsayawa na ji shi duka ba."

"Da waƙoƙin?"

"Da waƙoƙin."

"To kashe wanga akwati ka matso. Kuma in mun kai gada, kai za ka ɗauki tulu."