Kaka Ta Ɗinke Fitila

"Lafiya lau, angon banza. Sai yanzu? Ai na zaci wuta ta ja ka na huta."

Kaka ke nan, tana tarbar jikanta mai gyaran wuta. Siririyar fitilar nan mai kama da igiya da ya manna mata a kabad ɗin tangaran ta koma rabi haske rabi duhu, ga ƙawarta da ta cika wa baki za ta zo gani da la'asar.

"Amarya mai haƙori uku, me kika yi wa aikina?"

"Aikinka ne ya gado ka, ragwanci tun daga tsakiya."

Ya bi fitilar da yatsa, sai ya tsaya cak. "Kaka, baƙin zare nake gani?"

"Ɗinki ne. Na yanki kamu ɗaya zan sa wa madubi, ya ƙi kamawa, na mai da shi."

"Da allura? Karambanin akuya, gai da kura! Wuta ba ta bin zare. Kuma ba a yankawa sai kan ɗigon tagullar nan da aka zana almakashi."

"Na ɗinke wandon ubanka shekara goma bai mutu ba."

"Wandon ba ya kamawa da wuta."

"Ba ka san ubanka ba."

Ya datse wurin daidai, ya sa ɗan maƙalin haɗi, ya kunna. Shiru. Ya kashe ya kunna, ya hura filogi, fitila ta ƙi kamawa. Kaka ta duba agogon bango, ta gyara tabarau.

"Kin ƙona ta gaba ɗaya, tsohuwa."

"Ni? Ran da ka ɗaura ta ina kallonka, 'yan alamun nan na gefe layi ɗaya suke. Yanzu ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, kamar idonka."

"Ke ina kika san..."

"Wanzami ba ya son jarfa. Juya!"

Ya juya bakin fitilar a cikin maƙalin. Kabad ya haske tar, kofuna na ƙyalli.

Ya fashe da dariya, ya miƙa mata sukundireba da hannu biyu. "Na bi, oga. Gobe ki fito shago."

"Ka ɗauko min kujera mai taushi. Yanzu ɓace ta baya, ga sallama can, kar ƙawata ta ga abin da na aura."