Gyaɗa Aka Aike Ka

"...da gajiya kuma, uwar ɗakin awaki?"

Idon Sa'adiya na kan buhun da mai gaisuwar, taubashinta Talha, yake kwancewa daga bayan babur. Irin gyaɗa ta aike shi ya sayo a kasuwar Malumfashi, ga shi tana hango guryar auduga ta bakin buhun.

Gonar ta kakarsu Iya ce, a bayan Gozaki. Tun rasuwarta ake maimaita mata auduga, har ƙasar ta yi fari ta ƙeƙashe. Kawu Buba ya ce in bana ma ba ta yi ba, sayarwa zai yi. Shi ya sa Sa'adiya ta cinye rani tana tara kashin awaki da toka ana kai wa gonar. Ga ruwan shuka ya sauka jiya.

"Bawana, kunnen ne ya toshe ko kan ne babu kowa?" in ji Sa'adiya.

"Gyaɗa noman tsofaffi ne. Auduga ke ɗinka babbar riga."

"Rigar da ka ɗinka bara fa? Abin da ka tsinta ko lagwanin fitila bai kai ba."

Ya ce ai shi ƙasa tsoronsa take, in ya daka mata tsawa kaɗai sai ta yi fure. Ta ce tsawar da ko kajin gidansu ba ta kora. Ya ce mai warin turke ba ta koya masa noma. Nan ranta ya ƙara ɓaci, don warin nan saboda gonar ta kwaso shi.

"Wanda bai sha zafin rana ba shi ke raina inuwa. Iya cewa take auduga baƙuwa ce mai ci, shekara guda take yi a sallame ta. Gyaɗa da wake su ke rama wa ƙasa abin da ta ci. Kai kana gindin murhu kana lasar tukunya lokacin da take faɗa."

"Ke kuma kina goye kina tsiyayar majina."

"Na ji. In Kawu ya sayar, kai za ka tsaya ka nuna wa mai saye tsamiyar da Iya ke hutawa."

Talha ya shiga murza bakin buhun. Can ya ce gonarsa ta bakin rafi waken suya ta yi bara, ko guryar za ta zauna a can?

"Ashe akwai mutum a cikin hular."

Ya tuntsire da dariya, ya mayar da buhun kan babur. Ya ce akwai irin gyaɗar da ya ɓoye a rumbu, ta aiko a ɗauka, kyauta.

"Amma in ta yi, ƙuli-ƙulin nawa ne."

"Ɓawon dai," in ji Sa'adiya. "Shi ma sai in awaki sun rage."