Ƙwanƙwasar da ta ja mini suna

Ƙungiyarmu ta mata manoma a Ƙanƙara ta sami tallafin kwamfuta, wadda za ta riƙe sunayenmu da na gonakinmu, wayoyin masu rajista su riƙa ɗauko bayani daga cikinta. Ni aka tura in zaɓo, tunda na taɓa kwamfuta a sakandare, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba.

Mai shagon ya ajiye mini guda biyu. "Hajiya, wagga mai lamba sittin da huɗu ce, tana kwasar bayani da yawa a tashi ɗaya, ko an taru a kanta ba ta sarƙewa. Waccan talatin da biyu ce, ƙwaƙwalwarta ba ta wuce giga huɗu."

Mai sittin da huɗun duk ta koɗe. Na yi bisimilla, na ƙwanƙwasa kowacce da yatsa, yadda nake gwada randa a kasuwa. Mai talatin da biyun, mai sheƙi, ta amsa garau.

Na ce, "Malam, ni ba a yi mani wayau da tsohon kaya." Na ɗauko mai sheƙin.

Ranar rabon taki, masu rajista suka hau kan kwamfutar gaba ɗaya, sai ta sandare, aka kasa tantance sunan kowa. Matan Mabai da Pauwa suka wuni a rana, motar taki ta gaji da jira ta wuce Faskari. Na ga wata tsohuwa tana naɗe buhunta babu komai a ciki. Har yau in na tuna ta a kan sallaya sai hawaye.

Yanzu ko gidan suna na shiga, sai wata ta miƙo mini jaririn: "Talatin-da-biyu, ƙwanƙwasa mana shi mu ji ko mai ƙarko ne."